Darasi: Mota uku sun ci karo a jere. Wa ke da laifi, wa zai biya?



In kaka ta yi, sanyi ya shigo, motoci kan yawaita bisa hanya. Wake da gujiya da riɗi na fita daga ƙauyuka, daga baya albasar Galmi da ta Madawa ta biyo. Lokacin ne kuma hazo ke rufe gari. Daga Yamai zuwa Ƙonni, daga Maraɗi zuwa Damagaram, za ka ga motoci sun jeru, wannan na bin gindin wannan. Da na gaba ya taka birki, sai na biye ya faɗa masa, na uku kuma ya faɗa wa na biyu. Wannan shi muke kira karon jere, shi ne darasinmu na yau.

Da an yi irin wannan karo sai gardama ta kaure. Na tsakiya ya ce turo shi aka yi. Na baya ya ce ya tarar sun riga sun haɗu. Na gaba ya ce shi dai jaki ya tsaya wa. Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango na wani. Ana cikin haka manomi na tsaye gefe, buhunansa sun fashe bisa kwalta, ɗansa ya karye a hannu, bai san wanda zai riƙe ba.

A tasha za ku ji ana cewa na ƙarshe shi ke biyan kowa. Wani lokaci maganar ta zo daidai, wani lokaci ta kuskure. Abin da muke so ku riƙe shi ne, ba a yi wa karon jere hukunci a dunƙule. Warware shi ake yi, bugu ɗaya bayan ɗaya, kowane bugu a nemi mai shi.

1. Dokokin da ake dubawa

Dokoki uku ake buɗewa in an yi hatsarin mota a ƙasarmu.

Ta farko ita ce dokar hanya, wadda aka sabunta a 2014. Ita ke faɗin yadda direba zai yi tuƙi.

Ta biyu ita ce dokar asirans, abin da wasu ke ce wa inshora. Sunanta dokar CIMA. An sa hannu ga yarjejeniyarta a birnin Yawunde na Kamaru ran 10 ga Yuli 1992, ta fara aiki a 1995. Ƙasashe 14 ke aiki da ita, har da Nijar, Benin, Burkina Faso, Mali da Cadi. Ayar dokar ta 200 ta tilasta wa duk mai abin hawa mai inji ya yanki asirans, don a biya wanda abin hawan ya yi wa ɓarna. Babur ma yana ciki.

Ta uku ita ce dokar hakkin jama'a, wadda alƙalai ke kira Code civil. Ayarta ta 1382 ta ce wanda ya yi wa wani ɓarna da laifinsa, wajibi ne ya biya. Ta 1384 ta ɗora wa ubangida ɓarnar da yaronsa ya yi cikin aikin da ya sa shi. Ke nan mai mota ba ya cewa ba ruwana, direba ne ya yi. Ta 1385 kuwa ta ɗora wa mai dabba ɓarnar dabbarsa.

2. Me ya sa ake fara tuhumar na baya?

Na gaba ba shi da ido a ƙeya. Na baya shi ke ganin na gaba, shi ke zaɓen saurinsa, shi ke zaɓen tazarar da zai bari. Shi ya sa dokar hanya ta ce kowane direba ya bar tazarar da za ta ishe shi tsayawa ko da na gabansa ya taka birki ba zato. Dokar CIMA kuma tana da jadawalin rabon laifi. A cikinsa, in mota biyu na tafiya layi ɗaya, sun nufi wuri ɗaya, ta baya ta bugi ta gaba, laifin duka na ta baya ne.

Ga lissafin, ku duba da kanku.

Motar da ke gudun kilometir 90 a awa tana cin metir 25 cikin sakan ɗaya. Metir 25 ya kai taki 30 na babban mutum. Direba lafiyayye, wanda hankalinsa ke bisa hanya, yana ɗaukar kamar sakan ɗaya kafin ƙafarsa ta kai ga birki. Ke nan metir 25 sun tafi kafin birki ya fara aiki. Bayan nan ƙaramar mota mai birki da taya masu kyau tana son wajen metir 45 kafin ta tsaya bisa busasshiyar kwalta. An haɗa, metir 70. Kun san gonar hekta ɗaya, wadda kowane gefenta metir 100 ne. To motar ta cinye bakwai cikin goma na gefen gonar kafin ta tsaya.

In gudun kilometir 60 ne, sakan ɗaya metir 17, birki wajen metir 20, jimla metir 37. Ku lura da wannan: in gudu ya ninka sau biyu, tsawon jan birki ninkawa yake sau huɗu. Kamiyon da aka danƙara wa kaya ya fi haka nisa. In ga rairayi bisa kwalta, ko ruwan sama, ko taya ta suɗe, abin ya ƙaru.

Dabarar da ake koya wa direbobi ita ce ta sakan biyu. Ka zaɓi icce ko dutsen kilometir a bakin hanya. Da motar gabanka ta wuce shi, sai ka ƙirga a hankali: dubu ɗaya da ɗaya, dubu ɗaya da biyu. In ka iso wurin kafin ka gama, ka matse shi, sai ka ja baya. Cikin hazo, ko da dare, ko da kaya mai nauyi, a ninka ƙirgar.

3. Misalin mota uku

Mu ƙaddara ranar kasuwa ce, tsakanin Galmi da Madawa. Motar fasinja na gaba. Ƙaramar motar kaya, wadda ake ce wa bashe, na tsakiya, ta ɗauko albasar wani manomi, shi da ɗansa suna ciki. Kamiyo na baya. Jaki ya ratso hanya, motar fasinja ta taka birki ta tsaya. An yi karo. Mu ƙaddara gyaran bayan motar fasinja jaka 200 ne, gyaran goshin bashe jaka 150, gyaran bayanta jaka 300, gyaran goshin kamiyo jaka 250. Kuɗin nan na misali ne, don lissafi ya fito.

Hali na farko: bashe ta riga ta tsaya.

Direban bashe ya bar tazara, ya taka birki, ya tsaya bai taɓa kowa ba. Sai kamiyo ya zo ya buge shi, ya tura shi bisa motar fasinja. A nan direban bashe ba shi da laifi. Motarsa ta zama kamar dutsen da aka jefa, mai jifa ake tambaya. Asirans ɗin kamiyo zai biya jaka 200 na motar fasinja, da 150 da 300 na bashe, jimla jaka 650. Jaka 250 na kamiyo kuwa mai kamiyo zai fitar daga aljihunsa. Wannan shi ne halin da maganar tasha ta zo daidai.

Hali na biyu: bashe ta fara bugu.

Direban bashe ya matse motar fasinja, bai iya tsayawa ba, ya faɗa mata. Bayan haka kamiyo ya zo ya faɗa wa bashe. A nan hatsari biyu ne aka yi, ɗaya bayan ɗaya. Asirans ɗin bashe zai biya bayan motar fasinja. Goshin bashe, jaka 150, ya zauna wa mai bashe. Asirans ɗin kamiyo zai biya bayan bashe, jaka 300. Goshin kamiyo ya zauna wa mai kamiyo. In bugun kamiyo ya sake tura bashe har ɓarnar motar fasinja ta ƙaru, sai a raba jaka 200 ɗin tsakanin asirans biyu, gwargwadon abin da kowane bugu ya ɓata.

Kun ga bambanci. Motocin nan uku ne, ɓarnar ita ce, amma mai bashe a hali na farko bai fitar da ko dala ba, a hali na biyu ya yi asarar jaka 150, kuma an rubuta shi cikin masu laifi. Duk shari'ar ta rataya ga tambaya guda: ta tsakiya ta tsaya kafin a buge ta, ko ita ta fara bugu?

Hali na uku: an kasa gane yadda aka yi.

An janye motoci kafin jandarma su zo, an share kwalta, shaidu sun watse, kowane direba na faɗin nasa. Ayar dokar CIMA ta 227 ta yi tanadin wannan. In an kasa tabbatar da mai laifi, kowane direba rabin ɓarnarsa kawai ake biyansa. Wanda ɓarnarsa jaka 200 ce, jaka 100 zai samu. Mai laifi ya ci riba, mai gaskiya ya yi asarar rabin hakkinsa. Don haka mai gaskiya shi ya fi kowa bukatar a bar komai inda yake.

In motocin sun kai huɗu ko biyar, hanyar ita ce dai. A fara daga gaba, a bi bugu ɗaya bayan ɗaya, kowace mota a yi mata wannan tambaya.

4. Yaya ake gane gaskiya?

Ganau ya fi jiyau. Jandarma a karkara, ƴan sanda a cikin gari, su ke zuwa su auna su rubuta takardar da ake kira konsta. Ga abin da suke dubawa.

Suna tambayar direban gaba da fasinjojinsa: bugu nawa kuka ji? In sun ji biyu, ɗaya sannan wani, alama ce ta tsakiya ta fara bugu, sannan aka sake turo ta. In ɗaya suka ji, kuma ƙarar baya ta riga isowa kunnensu, alama ce turo ta aka yi.

Suna duba sawun birki. Motar da ta tsaya da kanta takan bar sawun taya wanda ya ƙare kafin wurin karo, sannan wani sabon sawu na turi ya fara.

Suna duba inda fasassun gilasai da ƙasar da ta zubo daga ƙarƙashin mota suka faɗi. Nan ne wurin bugu na gaskiya, ko da motar ta gangara gaba.

Suna gwada ɓarnar goshi da ta baya. In bayan motar tsakiya ya lotse ƙwarai, goshinta kuwa kaɗan ya taɓu, maganar turi ta yi ƙarfi. In goshin ya fi lalacewa, sai a yi shakka.

Suna duba fitilun baya, da birki, da taya, da nauyin kaya, da takardu: permi, katgiris, asirans, da takardar binciken lafiyar mota.

Alama ɗaya ba ta isa hukunci. Haɗa su ake yi, a ƙara da bakin shaidu. Ku sani kuma jandarma rubuta abin da suka gani suke yi. Kamfanonin asirans ke raba laifi bisa jadawali, in ba a yarda ba alƙali ya yanke.

5. Yaushe na gaba ke ɗaukar laifi?

Taka birki don jaki, ko yaro, ko rami, ba laifi ba ne. Abin da ya kamata ke nan, na baya ne ya wajaba ya kasance a shirye. Amma akwai inda na gaba ke shiga ciki, ko ya ɗauki laifin duka, ko a raba:

- in ja da baya yake yi lokacin da aka yi bugun;
- in daga tasha, ko daga hanyar ƙauye, ya faɗo bisa babbar hanya gaban wata mota;
- in ya wuce mota ya yanko gabanta, nan take ya taka birki;
- in da dare yake tafiya ba fitilar baya, ko fitilar birkinsa ta mutu;
- in ya tsaya bisa kwalta ɗaukar fasinja ko sauke kaya, a kwana ko bayan tudu, ba wata alama;
- in motarsa ta lalace ya bar ta bisa hanya bai sa alama ba.

Kan wannan na ƙarshe mu ƙara magana. Mun saba a kakkarya reshe a jera bayan mota. Reshe da rana yana taimako, da dare ba a ganinsa. Abin da doka ta sani shi ne alamar nan ja mai kusurwa uku, mai walƙiya in fitila ta haske ta. Ku tuna lissafinmu: mai gudun 90 yana son metir 70. Alamar da aka ajiye taki goma bayan mota ba ta tsare kowa. A kai ta nesa, in da kwana a kai ta gaban kwanar. In an gama gyara kuma a kwashe rassa da duwatsun da aka jera, kada su zama sanadin wani.

6. Jaki, garke da amalanke

Amalanken jaki ko na shanu ba shi da inji, tilascin asirans bai hau kansa ba. Wannan ba ya nufin mai shi ya kuɓuta. In dabbar da aka saki ba mai kiwo ta jawo ɓarna, ko amalanke ya hau kwalta da dare ba fitila ba abin walƙiya, ana iya ɗora wa mai shi wani kaso na laifin. Tun da ba shi da asirans, daga rumbunsa ko daga garkensa za a biya.

Saboda haka a manna wa bayan amalanke abin walƙiya, a rataya fitila in dare ya yi. A bi gefen dama. Kada a ba ƙaramin yaro amalanke bisa babbar hanya. In za a ƙetare da garke, a zaɓi miƙaƙƙen wuri inda ake hangen nesa, mutum ɗaya ya tsaya yana ba motoci hannu.

Duk da haka, ratsowar jaki ba ta wanke wanda ya matse na gabansa. Jakin ya sa na gaba ya tsaya. Rashin tazara ya sa na baya ya kasa tsayawa.

7. Wanda ya ji ciwo, wa zai biya shi?

A nan ku buɗe kunne, don nan ne talakawa suka fi yin asarar hakkinsu.

Fasinja ba ya jiran a gama gardamar direbobi. Ayar dokar CIMA ta 228 ta ce wanda ba direba ba, in ya ji ciwo, biyansa ake yi, ba a kafa masa hujja da kuskurensa, sai fa in da gangan ya nemi abin ya same shi. Ta 226 ta hana direba ya ce wa wanda ya ji ciwo ƙaddara ce, ko laifin wani ne. Ta 268 kuma ta faɗi ƙofar da za a buga. Fasinja, asirans ɗin motar da yake ciki zai yi masa tayin diyya. Mai tafiya ƙasa, asirans ɗin motar da ta buge shi. Daga baya kamfanonin su yi lissafi tsakaninsu, wanda laifi ya hau motarsa ya maida wa ɗan'uwansa.

Ke nan a misalinmu, ɗan manomin da ya karye, asirans ɗin bashe za a nufa, ko bashe na da laifi ko ba ta da shi.

Abin da ake biya ya haɗa da kuɗin magani, da kwanakin da mutum ya yi bai iya aiki ba, da naƙasar da ta zauna masa, da wahalar ciwo. In rai ya fita, akwai kuɗin jana'iza da diyyar iyali. Manomin da ba shi da takardar albashi ba a barinsa hannu banza, da mafi ƙarancin albashin da gwamnati ta tsaida ake yi masa lissafi.

In direba ba shi da permi, ko ya ɗora mutane bisa kaya, kamfani ba ya hana wanda ya ji ciwo hakkinsa da wannan hujja. Biya yake yi, sannan ya juya kan mai laifin ya karɓi kuɗinsa.

Direba shi ne dabam. Asirans ɗin tilas na motarsa ba ya biyan ciwonsa, ba ya gyara motarsa. In ba shi da laifi, asirans ɗin mai laifi zai biya shi. In laifinsa ne, an rage masa ko an hana shi baki ɗaya. Wanda ke son a gyara motarsa ko da shi ne mai laifi, sai ya yanki babban asirans, mai tsada.

Ku sani kuma asirans kuɗi yake biya, ba ya shiga kaso a madadin kowa. In an ji ciwo ko an mutu saboda ganganci, direba na iya gurfana gaban alƙali, wannan shari'a ce dabam.

8. Kayan manomi fa?

Hukuncin buhu ba ɗaya yake da na mutum ba. Asirans ɗin tilas na mota ba ya biyan kayan da motar kanta ta ɗauko. Haka dabbobin da aka ɗora mata.

Mu koma ga albasar nan. In kamiyo ne ya murƙushe buhunan daga baya, asirans ɗin kamiyo zai biya, don albasar dukiyar wani ce da kamiyo ya ɓata. In kuwa a bugun da bashe ta yi da laifinta ne buhunan suka zube suka lalace, asirans ɗin bashe ba zai biya ba. Sai manomi ya bi mai motar da kansa.

Don haka kafin a ɗora kaya, a ƙirga buhuna gaban ɗan kamasho ko sarkin tasha, a rubuta adadi da kuɗin mota a takarda. In hatsari ya faru, manomi ya matsa a rubuta sunansa da yawan kayansa cikin konsta. Abin da ba a rubuta ba, da wuya a biya shi.

Kafin ka shiga mota kuma, ba rashin kunya ba ne ka dubi takardar asirans da ke manne a gilashin gaba, ka ga ko kwananta bai ƙare ba. Tun gyaran da aka yi wa ayar dokar ta 13 a 2011, asirans ba ya fara aiki sai an biya kuɗinsa. Motar da ba ta da asirans, mai ita da direbanta ake bi, kuma kun san wuyar karɓar bashi ga wanda motarsa ta riga ta mutu.

9. Abin yi in hatsari ya faru

Na ɗaya: a tsare hanya. A tura mutum gaba, a tura mutum baya, nesa, da alama ko fitila, don kada mota ta huɗu ta zo ta ƙara. Fasinjoji su sauka su yi nisa da kwalta. Kada kowa ya tsaya tsakanin motoci biyu.

Na biyu: a kula da waɗanda suka ji ciwo. Rai ya fi konsta. A kira 18 ko 17, ko birgadin jandarma mafi kusa. Wanda ke kukan wuya ko baya, kada a finciko shi, sai in wuta ake tsoro.

Na uku: kada a janye motoci. In dole ne a buɗe hanya, a fara ɗaukar hoto da waya ta kowane gefe, a zana wurin kowace taya da gawayi bisa kwalta, sannan a tura. Kada a share gilasai.

Na huɗu: a rubuta lambar kowace mota, da sunan kamfanin asirans ɗinta, da sunayen shaidu da garinsu, tun ba su watse ba.

Na biyar: kada direba ya gudu, gudu wani laifi ne dabam. Wanda ya ji tsoron taro ya nufi jandarma ya kai kansa. Mutanen gari kuma kada a taɓa direba, kada a taɓa kaya. Duka ba ya gyara karaya, sai dai ya ɓata shaida.

Na shida: mai mota ya sanar da kamfanin asirans ɗinsa da sauri. Wa'adin yana rubuce cikin takardarsa, galibi kwana 5 na aiki ne.

Na bakwai: wanda ya ji ciwo ya je gidan likita ran nan, ko da yana ganin abin kaɗan ne. Ciwon wuya da na kai sukan kwana kafin su bayyana. Ya karɓi takardar shaidar likita, ya adana takardun magani da rasit duka, da takardar haihuwa ko ta ɗan ƙasa.

Na takwas: a yi hattara da sulhun bakin hanya. In fenti ne ya goge, ba laifi a shirya. In akwai ciwo, kada a karɓi jaka biyar a ce an yafe, kada a dangwala hannu a takardar da ba a karanta wa mutum ba. Yafiya halin kirki ce, amma kuɗin asirans ba daga aljihun direba suke fitowa ba, don irin wannan rana aka tara su. Doka ta ba da shekara 5 daga ranar hatsari don neman hakki, sai dai wanda ya jinkirta yakan tarar shaidu sun manta.

Mukan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Jandarma dai in sun zo, metir suke aunawa, kuma tazarar da direba ya bari ita za a karanta gaban alƙali. In kana cikin mota ka ga direba ya manne wa na gabansa, ka yi magana: "Direba, don Allah ja baya kaɗan, da iyali muke." Sauri ya haifi nawa.

Tambayoyin da za a tattauna a taron masu saurare

1. Motar da ke gudun kilometir 90 a awa, metir nawa take ci kafin ta tsaya? Ku auna wannan tsawo da taki a filin gari, kowa ya gani.
2. Wace tambaya ce ke raba mai laifi da marar laifi ga motar tsakiya?
3. In an janye motoci aka kasa gane gaskiya, wa ya yi asara?
4. Fasinjan da ya ji ciwo, asirans ɗin wace mota zai nufa?
5. Amalanke nawa ne a garinku ke hawa kwalta da dare? Nawa ne ke da fitila ko abin walƙiya?

Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a kai wa direbobin gari da masu amalanke su ma su ji. Sai mun haɗu a darasi na gaba. Allah ya kiyaye hanya.